Almu da Layin Hajo

Almustafa ne sunansa na yanka, amma tun yana goye ake ce masa Almu, kuma da wannan sunan ya girma. Shi ne auta a gidan Malam Shehu mai gyaran agogo na Ƙofar Durbi. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, sai riƙonsa ya faɗa hannun yayarsa Hajo, wadda ta ba shi shekara goma sha biyu. Ita ta yi masa wanka da wanki, ita ta riƙe hannunsa zuwa makaranta ranar farko, ita kuma ta zane shi ranar da ya kwance rediyon maƙwabci don ya ga mutanen da ke magana a ciki. Ko da aka kai ta gidan Malam Iro, wani malamin firamare a Ƙofar Sauri, rabin kwanakin Almu can yake yin su.

Hajo ba ta yi boko ba, amma a harkar hatsi ba a yi mata wayo. Da kaka takan sayi gero da dawa da wake ta jibge a ɗaki, idan bazara ta yi ta fito da su, matan unguwa su yi ta awo a hannunta. Tana damƙar gero ta murza, za ta gaya maka na bana ne ko na bara. Abu ɗaya ke ci mata tuwo a ƙwarya, shi ne rashin sanin yadda kasuwa ta kwana a waje. Sai ta tashi mutum takanas zuwa Batsari, ya je ya tarar buhu ya fi na cikin gari tsada, ya dawo hannu rabbana, kuɗin mota kuma sun tafi a banza.

Almu kuwa hannun ubansa ya gada, sai dai shi ya wuce agogo. Ya je Kaduna ya karanto kwamfuta, ya dawo aka ɗauke shi aiki a wata ma'aikatar gwamnatin jiha. Kwamfuta uku ce a ofishin, biyu suna lulluɓe da leda ba a taɓa kunna su ba, ta ukun kuma wasiƙa kawai ake bugawa da ita. Shekara shida ya yi yana buga wasiƙun neman hutu da na ƙarin girma. A watan Mayun 1999, da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, yana da shekara ashirin da tara, da matarsa Na'ima da ɗa ɗaya. Gari ya ɗauki ɗoki a lokacin, kowa gani yake ƙofa ta buɗe. Ba a daɗe ba wayar salula ta shigo ƙasa. Da farko sai masu hannu da shuni ke riƙe ta, amma cikin 'yan shekaru dogayen ƙarafan sabis suka fara tsirowa har a garuruwan da ko wutar lantarki ba ta kai ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Almu ya biya gidan Hajo cin tuwon rana kamar yadda ya saba. Ya tarar da ita tana jujjuya wata ƙaramar waya da Malam Iro ya saya mata. Wani dillali ne ya turo mata saƙo a rubuce, tana jiran maigida ya dawo ya karanta mata.

“Almu,” ta ce, “ni wagga aba in ba magana za ta yi mani ba, mi amfaninta? Na san kuɗɗi, na san tiya, amma wanga rubutu sai ka ce tururuwa ta bi ta kan gari.”

Ya karanta mata. Farashin wake ne na jiya, kuma kafin saƙon ya sami mai karantawa kasuwar ta riga ta watse. Hajo ta yi tsaki ta ci gaba da harkarta. Shi kuwa Almu loma ta tsaya masa a hannu. Ya zauna yana kallon wayar har miya ta huce.

Abin da ya faɗo masa a rai shi ne ya haɗa na'urar da za a kira ta waya, ta faɗi farashin hatsi da baki, da Hausa, yadda wanda bai taɓa shiga aji ba zai ji ya gane. Ya kai maganar wurin Rilwanu, abokinsa tun firamare, wanda a lokacin yake kula da wani shagon intanet. Rilwanu ba ya iya ɗaura ko wayar fitila, amma Allah ya ba shi baki, ga Turanci kamar ruwa. Mutane kan ce Almu hannu ne, Rilwanu baki. Tun kafin Almu ya gama bayani, Rilwanu ya riga ya raɗa wa abin suna, wai Kasuwa a Kunne.

A shekarar 2005 Almu ya ajiye aikin gwamnati. Na'ima ta yi kuka, dangi suka yi ta zarya suna ba shi baki, wasu har suna cewa a nema masa rubutu ya sha. Hajo ce kaɗai ba ta shiga sahunsu ba. Bayan kwana uku ta aika a kira shi. Ta sayar da shanunta biyu da ke kiwo a ruga, ta kuma fitar da hatsin da ta ajiye tun lokacin fitarwa bai yi ba. Ta tura masa ƙullin kuɗin a kan tabarma.

“Yaya, wannan ai duk abin da kike da shi ne,” in ji shi.

“To wa zan ba in ba kai ba? Ɗauki ka tahi, kar in sake shawara.”

Ya je ya yi wa kamfani rajista da suna uku, shi da Rilwanu da Hajo, kowa kashi ɗaya cikin uku.

Saura murya. Sun gwada ta wani mai gabatar da shiri a rediyo, suka ji ta yi kama da sanarwar gwamnati. Sun gwada ta Rilwanu, ta yi kama da ta mai tallar magani. Daga ƙarshe Almu ya ɗauki makirfo ya nufi Ƙofar Sauri. Aka jingina katifa a taga, aka kora awaki bayan gida, Hajo ta zauna a bakin gado tana faɗin ɗaya, biyu, ukku, har zuwa dubbai, sannan sunayen kasuwanni da na hatsi, kowace kalma ita kaɗai. Sati uku suka yi suna wannan aiki da hantsi. Wani lokaci dariya kan ƙwace mata a tsakiyar “ɗari bakwai”, sai a sake daga farko. Almu ya yayyanka muryar gunduwa-gunduwa ya zuba a kwamfuta, yadda duk farashin da aka ba na'urar za ta harhaɗa kalmomin ta faɗe shi kamar Hajo ce zaune tana magana.

Suka kama wani ɗan shago a Ƙofar Durbi, suka sa kwamfuta ɗaya da layuka huɗu da ƙaramin janareto. Suka sami wakilai a kasuwanni bakwai, irin su Batsari da Jibiya da Charanci da Mai'aduwa, kowa ya turo farashin ranar ta saƙon waya. Duk wanda ya kira sai ya ji an ce, “Salamu alaikum. Yau a Batsari, buhun gero dubu ukku da ɗari biyar. Allah shi ba da kasuwa.”

Ba a yi wata shida ba sunan Kasuwa a Kunne ya ɓace a bakin mutane, sai dai ka ji ana cewa a kira layin Hajo. Direbobin motocin hatsi suna kira, 'yan awo suna kira, manoma a ƙauye sukan taru su biyar a kan waya ɗaya su saurara. Har Kanawa suna kira, suna dariyar “ukku” irin ta Katsinawa. Wata rana wata dattijuwa mai suna Delu ta taso daga wani ƙauye a bayan Batsari, ta yi ta tambaya har aka kawo ta gidan Malam Iro, da kaza a hammata. Ta ce shekara da shekaru dillalai ke sayen wakenta yadda suka ga dama, bana ta kira layi kafin ta fita, ta tsaya a kan farashinta har aka biya. Ta ce ta zo ne kawai ta ga mai muryar. Hajo ta rufe fuska da gyale don kunya, amma ta yi sati tana ba da labarin.

Sai dai nasarar ce ta zame musu kaya. Layi huɗu ba ya ɗaukar jama'a, mutum sai ya kira sau goma yana jin layi a cike. Kwamfutar takan ɗauki zafi ta mutu da tsakar rana. Abin da ake bukata shi ne manyan na'urori da gajeriyar lamba daga kamfanin waya, wannan kuwa ba aikin kuɗin shanu biyu ba ne. Banki ya ce su kawo takardar gida, Almu kuwa a gidan gado yake zaune.

Rilwanu ya ce su gwada Alhaji Mati, wani babban attajirin hatsi da motocinsa ke kai kaya har Maraɗi. Kwana uku suna zaman zaurensa kafin ya gan su. Bayan an gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiya, Rilwanu ya zuba bayani, Almu ya kira layin ya miƙa masa wayar. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ajiye ta a hankali.

“Kai ne ɗan Shehu mai agogo ko? Allah ya ji ƙan mahaifinka, mutumin kirki ne. To yanzu in na ba ku kuɗina, ina kayan? Wane sito zan je in gan su?”

“Alhaji, kayan ba na gani da ido ba ne,” in ji Almu. “Labari ne muke sayarwa.”

Alhaji ya yi murmushi. “Na gane sarai, yaro. Ni ba jahili ba ne. Ribata tana tsakanin abin da na sani da abin da baƙauye bai sani ba. Ka zo in ba ka wuƙa ka yanka ni da ita ke nan?”

Ya sa hannu a aljihu ya ba su na mota. Almu ya so ya ƙi karɓa, Rilwanu ya taka masa ƙafa.

Haka suka yi ta bugawa har ƙaramar Sallar 2007, lokacin da wani mai suna Umair ya sallama a shagon. Jikan wani tsohon gida ne na cikin birni, ya yi karatu a waje, yana aiki a Legas da wani kamfani da ke zuba jari a ƙananan kamfanonin fasaha. Ya ce ya zo gaida kakarsa ne ya tarar da ita tana sauraron farashin dawa a waya, ita da ko lambar ɗanta ba ta iya nemowa. Ya duba kwamfutar da fanka ke hurawa, ya duba littafin da Almu ke rubuta yawan masu kira. Sannan ya ce su zo Legas.

Sau uku suka je. Almu bai taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan ɗakin taro ba, mai sanyi kamar randa amma gumi na keto masa. Yakan fara bayani da Turanci, kalmomi su maƙale, Rilwanu ya karɓa. A zuwa na uku aka ajiye musu takarda mai shafi arba'in. Umair bai ɓoye masa komai ba. Ya ja shi gefe ya yi masa bayani da Hausa.

“Malam Almu, wannan ba rance ba ne, ba wanda zai biyo ka in an faɗi. Amma za su ɗauki fiye da rabin kamfanin. Ofis zai dawo Legas. Daraktoci biyar ne, uku nasu, biyu naku. Kuma duk abin da kamfanin ya mallaka, na kamfanin ne, ba naka ba. Ka je gida ka yi shawara.”

Almu ya dawo ya sami Hajo tana tankaɗe a tsakar gida. Ya zayyana mata komai, har da cewa layi zai iya ɗaukar mutum dubu a lokaci guda.

“In sun ba ka, wa ke da ta cewa?” ta tambaya.

“Su ne, Yaya. Amma tare za mu riƙa yi.”

Ta ci gaba da tankaɗe na ɗan lokaci. “Kai ka yi boko, kai ka sani. Ni dai kai na ba muryata, ba su ba.”

A shafi na ashirin da wani abu akwai layin da ya lissafa dukiyar kamfani, har da dukkan muryoyin da aka ɗauka. Almu ya gan shi. Ya karanta shi sau biyu, ya ce a ransa ai shi ne zai riƙa kula da na'urorin, babu abin da zai faru. A farkon 2008 ya sa hannu, Hajo ta dangwala yatsa. Da hannunsa ya ɗaure tsohuwar kwamfutar da faya-fayan muryar a kwali, aka loda su a mota zuwa Legas.

Shekarar farko ta yi daɗi. An sami gajeriyar lamba, kasuwanni suka kai talatin, har da na Zamfara da Jigawa. Almu yana kwana a wani ɗan ɗaki kusa da ofis, sai bayan wata biyu yake leƙo gida. Ya aiko aka yi wa Hajo sabon rufin kwano. Amma kafin shekara ta zagayo, tattalin arzikin duniya ya shiga rikici, masu jari suka fara matsa lamba a nuna musu riba. Aka duba aka ga manomi yakan kira sau ɗaya a sati, ya ji farashi ya kashe. Samarin birni kuwa kullum suna sayen kiɗan waya da sakamakon ƙwallo, wanda Rilwanu ya kawo shawarar a gwada a gefe. Abin gefen ya ninka layin hatsi sau goma.

A taron daraktoci na watan Afrilun 2009 aka kawo shawarar a sallami wakilan kasuwanni, a mai da ƙarfi kan kiɗa da ƙwallo, a kuma kawo sabon manaja a madadin Almu. Almu ya tashi ya yi magana, wannan karon Turancin bai maƙale ba. Ya ba su labarin Delu da kazarta. Suka saurara cikin ladabi. Da aka zo ɗaga hannu, hannu uku suka tashi. Bai yi mamaki ba. Sai ya ga na huɗu yana tashi a hankali a gefensa, hannun Rilwanu, wanda idonsa ke kan tebur.

An ce Almu ya zauna a matsayin mai ba da shawara. Ya yi sati biyu ba wanda ya nemi shawararsa, sai ya haɗa jakarsa ya hau motar Katsina.

Abin da ya tarar ya mantar da shi Legas. Hajo tana kwance, ƙafafu sun kumbura, fuska ta yi fari. Ciwon ƙoda ne, ya daɗe yana cin ta, ita ce ta hana a gaya masa don kada hankalinsa ya rabu biyu. Tun daga ranar ya tare a Ƙofar Sauri. Shi ke kai ta asibiti, shi ke riƙe mata kofi. Ba ta tambaye shi abin da ya dawo da shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Shi dai ya san abin da ke faruwa da layin. An sallami wakilai amma ba a rufe lambar ba, saboda har yanzu ana ɗan samun kuɗin kira. Babu mai ba na'urar sabon farashi, don haka kullum na watan Afrilu take maimaitawa, tana cewa “yau”. Damina ta faɗi, gero ya yi tashin gwauron zabo, muryar Hajo tana nan tana faɗin farashin da ya daɗe da wucewa. Ya rubuta wa sabon manaja sau biyu, ba amsa. Ya ji da kunnensa wani direba a tasha yana cewa layin Hajo ya koma layin ƙarya.

Wata safiya yana yi mata fifita, ta buɗe ido ta ce, “Almu, har yanzu ina magana a wayar?”

“Kina yi, Yaya.”

“Gaskiya nika hwaɗi dai ko?”

Ya dubi mafici. “Gaskiya kike faɗi.”

“To madalla,” ta ce, ta mai da ido ta rufe.

Bayan kwana tara ta rasu, da hantsin wata Talata, ana yayyafi.

Da aka yi addu'ar bakwai mutane suka ragu, Malam Iro ya kira shi zaure. Malam ya tsufa a sati ɗaya. Ya ce shekaranjiya ya ji muryarta daga wayar wani mai shayi a bakin titi, sai da ya zauna a kan dakali.

“Ka je ka sa a rufe,” in ji shi. “In kuma da hali, ka karɓo mana muryar. 'Ya'yanta za su so su ji ta wata rana, amma a gida, ba a titi ba.”

Almu ya koma Legas. Mai gadin ofishin sabo ne, bai san shi ba, sai da aka yi waya sama kafin a bar shi ya shiga. Umair ya riga ya bar kamfanin masu jari. Rilwanu, aka ce, yana Abuja. Sabon manajan ya yi masa ta'aziyya, ya ce dama ƙarshen wata za a rufe layin. Batun murya kuwa dukiyar kamfani ce, sai daraktoci sun amince, ya rubuto takarda. Ya rubuta a tsaye a nan ya ba da.

Wata huɗu aka yi kafin amsa ta zo cewa an amince. Ya sake hawa mota. Da ya isa aka shiga neman kwalin, aka rasa. Daga baya mai kula da sito ya tuna cewa lokacin da aka canja ofis, an tattara tsofaffin na'urori da tarkace an sayar wa 'yan gwangwan. Manyan na'urorin kuma an goge su an zuba kiɗa. Almu ya nemi kwatancen kasuwar tsofaffin kwamfutoci, ya yi kwana biyu yana bin rumfa-rumfa, yana ɗaga murfin kwamfutoci yana neman wadda ya manna wa fanka da hannunsa. Dubbai ne jibge kamar buhunan kaka. A rana ta biyu da la'asar wani mai rumfa ya ba shi kujera da ruwa, ya ce masa, Malam, abin da ya shigo nan wata biyu da suka wuce an riga an farfasa shi.

Da Almu ya dawo Katsina bai sauka gidansa ba, kai tsaye Ƙofar Sauri ya wuce. Ya gaya wa Malam Iro yadda aka yi. Malam ya jinjina kai.

“Ƙila hakan ne alheri. Mamaci addu'a yake bukata.”

Nan abin da ya daɗe yana cin Almu ya fito. “Malam, na yi mata ƙarya. Ta tambaye ni ko gaskiya take faɗi a layin, na ce e. Alhali na san tun Afrilu ba a canja farashin ba.”

Malam Iro ya dube shi da jajayen idanu. “Ta sani, Almu. Matar da ta yi shekara talatin tana awo? Tun farkon damina, wata rana ba ka nan, ta sa na kira mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce a kashe. Ta ce kada wanda ya nuna maka ta ji, abin da ke kanka ya ishe ka.”

Almu bai yi kuka a maƙabarta ba, bai yi a zaman makoki ba. A wannan zauren ya yi, ya kifa kai a gwiwa kamar yaro, Malam Iro yana dafe da kafaɗarsa.

Bayan shekara biyu aka sayar da kamfanin ga wani babba. Bisa yarjejeniya masu jari ne ke fara ɗiba, don haka abin da ya iso hannun magadan Hajo bai kai kuɗin saniya ɗaya ba. Almu ya haɗa da nasa kason ya ba su. Ya nemi komawa aikin gwamnati, aka ce ba gurbi. Sai ya kama rumfa a bakin titin Ƙofar Durbi ya shiga gyaran waya, kuma hannunsa ya karɓu, don wayar da ta gagari kowa wurinsa ake kawowa. Da wannan ya aurar da 'ya'ya biyu. Samari masu karatun kwamfuta kan zo su ce ya shiga wata sabuwar harka da su, sai ya gyara musu abin da ya lalace, ya yi musu fatan alheri, ya ce shi ya gama.

Rilwanu ya zauna a Legas, ya yi arziki. Duk Sallah yakan turo saƙon barka, Almu ya amsa da “Amin, na gode.” Sai bayan shekara goma suka haɗu ido da ido, a jana'izar wani malaminsu na firamare. Da aka watse daga maƙabarta Rilwanu ya tako ya miƙa masa hannu. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa a gemu.

“Almu, ko ban ɗaga hannu ba ranar, sun riga sun fi mu yawa. Da ni ma sun kore ni.”

“Na sani.”

“Ban san za su bar layin haka ba. Wallahi ban sani ba sai daga baya.”

“Ya wuce, Rilwanu. Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

Rilwanu ya ce ya zo ya rage masa hanya. Suka shiga mota, suka yi ta hirar waɗanda suka mutu da unguwannin da aka rushe aka yi titi. Da suka iso Ƙofar Durbi, Rilwanu ya ce gobe da azahar zai zo gida ya gaida Na'ima, su zauna sosai, akwai magana da yawa.

Washegari Almu bai buɗe rumfa ba. Ya je kasuwa da kansa ya sayo zogale da kaji biyu, Na'ima ta yi dambu, irin wanda Rilwanu ke so tun suna samari. Aka share zaure aka shimfiɗa sabuwar darduma. Ya yi azahar ya dawo ya zauna. Aka kira la'asar, ya je ya dawo ya sake zama. Wajen ƙarfe biyar saƙo ya shigo: wani taron gaggawa ya taso, yana hanyar Kano zai hau jirgi, a yi masa haƙuri, sai wani zuwan.

Almu ya karanta ya sa wayar a aljihu. Ya leƙa cikin gida ya ce wa Na'ima ta zuba wa maƙwabta, ta kuma ɗebi na gidan Malam Iro a kwano mai murfi, shi zai kai da kansa.